Maganganun Alƙali

Corinne Delgado ta sake soke layi huɗu daga maganganun alƙali, ta miƙa wa darakta takardun ko kai ba ta ɗago ba.

Tun farkon shirin nan na talabijin Wendell Marsh ne ke fitowa a alƙalin, kuma shi ya tsaya wa Corinne har aka ɗauke ta aikin rubutu a birnin Burbank. Amma bana, da ta zama shugabar marubuta, sai ta fara rage masa magana. Dogayen hukunce-hukuncen nan da 'yan kallo ke haddacewa suka koma jimla biyu, daga baya suka koma gyaɗa kai.

Ma'aikata suka daina zama kusa da ita wurin cin abinci. Mai yi wa 'yan wasan kwalliya ta ce ba ta taɓa ganin butulci irin wannan ba.

Ran nan Wendell ya tare ta a gaban kowa, rigar alƙalin rataye a hannunsa.

"Ke yarinya, me na yi miki? Ni da na tsinto ki kina raba wa mutane kofi? Kujera kike so ki mai da ni?"

"Labarin ne ya zo da haka, Baba Wendell," in ji ta.

Ya tsaya yana kallonta, leɓunansa na motsi kamar akwai sauran magana. Can ya juya ya tafi.

A kashi na ƙarshe ta kashe alƙalin a kan kujerarsa, shiru, ba wasiyya. 'Yan kallo suka yi ta tsine mata. Jaridu suka rubuta cewa an kori babban jarumi alhali yana kan ganiyarsa. Ranar walimar bankwana aka miƙe ana tafa masa, ya bi kowa da musabaha, ya tsallake ta.

Ta fito ta shiga motarta, ta kifa kai a sitiyari, sai ga hawaye. Ba zagin ne ya dame ta ba.

Bara, ranar da ya dawo daga wurin likitan ƙwaƙwalwa da labarin ciwon mantuwa ya fara kama shi, Wendell da kansa ya riƙe hannunta ya ce, "Ki riƙa rage mini magana, ki fitar da ni kafin kowa ya gane. In na manta ni na roƙe ki, kada ki tuna mini."