Haƙoran Mai Ƙaho

Shekara ashirin da biyu Mai Ƙaho ya yi yana busa a ƙungiyar badujala, kuma duk wanda ya taɓa jin sa a fareti ya san ba a banza sunan ya bi shi ba. Idan ya ɗaga ƙahon nan ya ja sauti sama, har masu ganga sukan sassauta hannu don su saurara.

Mutum ne mai tsafta har ta so ta yi yawa. Duk ƙarshen mako sai ya warware ƙahonsa a kan tsumma, ya zura siririn buroshi cikin kowane bututu, ya ɗiga mai, ya goge har mutum ya ga fuskarsa a jiki. Bakinsa ma safe da yamma yake gogewa, ba fashi. Abu ɗaya ne ko da wasa ba ya yarda da shi, wato zuwa asibiti a wanke masa haƙora.

Matarsa kuwa duk wata shida takan je. Wata rana ta ga jini a bakin ƙahon da ya ajiye a kan tebur.

"Baban yara, wannan jinin fa? Ka zo mu je a duba ka."

"Ƙarfin busa ne," in ji shi. "Ke ba ki san sana'armu ba. Wanda ya koya mini ya ja mini kunne, kada in bari ƙarfe ya taɓa haƙorana. Kankare su ake yi, tsakaninsu ya buɗe, iska ta riƙa zurarewa."

"Ƙahon ƙarfe ka yarda yana tara datti inda tsumma ba ya kaiwa, amma bakinka ka ce buroshi ya wadatar?"

Ya yi dariya, ya ce da a kotu take aiki da ba mai kayar da ita. Maganar ta wuce a haka, jinin kuma bai tsaya ba. Da ya ji wani abu mai tauri ya taru a bayan haƙoransa na ƙasa, har daɗi ya ji, wai ƙarfi suka ƙara.

Bayan shekara uku, ana tsakiyar atisaye, ya danna ƙahon a leɓensa zai hau sama, sai sautin ya fashe. Ya sake gwadawa, ya ji haƙoransa na gaba sun motsa. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba. Washegari shi da kansa ya ce wa matarsa ta raka shi asibiti.

Likitar haƙoran mace ce mai sanyin hannu, ba ta da gaggawa. Ba ta yi masa faɗa ba. Ta ɗauki hoton haƙoran, sannan ta ba shi madubi ya riƙe.

"Malam, ka ga wannan mai kama da siminti? Datti ne ya daskare. Idan ya kai haka, buroshin duniya ba ya cire shi. Shi ya kumbura dasashi, ciwon ya gangara ya cinye ƙashin da ke riƙe da haƙoran."

"To in kika kankare, ba za su buɗe ba?"

"Za ka ga sarari, amma ba ni na buɗe shi ba. Ciwon ne ya buɗe shi tuntuni, dattin ya rufe maka ido."

Zama huɗu ta yi a kan bakinsa. Mai Ƙaho ya san aikin gwani idan ya gan shi. Yana kwance a kujerar, fitila a fuskarsa, yana jin yadda take bin haƙori ɗaya bayan ɗaya, ciki da waje har ƙarƙashin dasashi, ba ta tsallake ko lungu guda. Jinin ya tsaya, kumburin ya saɓe, ta ceto duk abin da zai cetu. Amma biyu na gaba a ƙasa da ɗaya a sama ba su da sauran abin riƙewa, dole aka cire su.

Ya tambaye ta ko zai koma busa. Ba ta ɓoye masa ba.

"Da haƙoran roba za ka ci abinci, za ka yi dariya. Busa mai tsanani irin taka kuwa, ba zan yi maka alkawari ba. Da shekara biyar baya ka zo, wankin rabin awa ya ishe ka."

Wata uku yana gwadawa a ɗaki, sautin sama bai dawo ba. Ranar da ya haƙura ya miƙa gurbinsa, ya yi kuka a gaban matarsa, ita ma ta taya shi.

Sai dai bai tafi a ɓoye ba. Ya tara masu busa goma sha ɗaya a ɗakin atisaye, ya cire haƙoran robar a gabansu, ya nuna musu giɓin. Mutum mai ji da kansa irinsa, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

"Ni na faɗa muku kada ku je wankin haƙora," ya ce. "Kuskure na koya, kuskure na koyar. Ku duba da kyau."

Kafin wata ya ƙare, tara daga cikinsu sun zauna a kujerar likitar. Uku an tarar ciwon ya fara, kuma an tare shi da wuri.

Mai karatu, goge baki wajibi ne, amma ba ya cire dattin da ya riga ya daskare. Wankin asibiti ba ya lalata haƙori, jinkiri ne ke lalata shi. Ka je a duba ka tun ba ka ji ciwo ba, domin ƙashin da ya tafi ba wankin da zai dawo da shi.