Wasiƙar da Ta Tokare Madubi

Kwana tara Malamar kimiyya tana fitowa filin makaranta bayan faɗuwar rana domin ganin tauraro mai wutsiya, gajimare yana hana ta. Yau sama ta washe, amma ƙafa ɗaya ta katakon da ke ɗauke da madubin hangen nesa ta ƙi zama daidai.

Kafintan da ya ƙera katakon ya laluba aljihunsa. Bai sami komai ba sai wasiƙar neman aurenta, wadda ya yi wata huɗu ya kasa miƙa mata. Ya ninke ta, ya cusa ƙarƙashin ƙafar, kamar yadda yake yi wa tebur mai girgiɗi.

"Ga shi!" in ji ta. "Daidai inda na lissafa! Zo ka gani. Idan ya wuce, sai bayan shekara dubu shida."

Ta tuna ta bar littafinta a aji, ga shi dole ta rubuta lokacin. Ta sunkuya ta zare takardar.

"Malama, dakata..."

Ta riga ta buɗe. Ta karanta da tocila har sau biyu, sannan ta ɗago.

"Yaushe ka yi niyyar ba ni?"

"Ina jiran lokacin da ya dace."

"Kai ma sai bayan shekara dubu shida?"

Ya sunkuyar da kai. Ta juya takardar, ta rubuta: *An gan shi, ƙarfe bakwai da kwata.* Ta ƙara layi ɗaya, ta miƙa masa: *Baba yana gida ranar Asabar. Turo manyanka.*