Ramin da Manaja Ya Killace

Da safe aka ga sawun kunkurun teku a yashin gaban otal, kamar an ja buhu. Manaja ya bi sawun har inda uwar ta haƙa rami ta zuba ƙwai ta rufe, ya tsaya a kai kamar shi ya sa su.

Otal ɗin ya daɗe ba baƙi, kuma Hajiya mai otal ta fara kiransa da "wannan mutumin". Don tsimi har mai kawo ƙwan kaji ya sallama. Yanzu ga hanya ta samu. Ya kewaye ramin da waya, ya kafa allo, ya shelanta cewa nan da wata biyu ƴan kunkuru ɗari za su fito su nufi teku. Ɗakuna suka cika.

Ya hana kunna fitila ta wajen, kada jarirai su ɓace hanya. Ya hana kiɗa. Mabuɗin shingen kuwa ya ba kuku, ƙanen matarsa, tunda ɗan'uwa ba ya cin amana.

Ƙananan matsaloli ba su ɗaga masa hankali ba. Baƙi sun yi ƙorafin ga teburin wasan ƙwallon tebur, ga abin bugawa, amma ba ƙwallo ko ɗaya. Ƙwan karin kumallonsa ma farinsa ya daina daskarewa.

"Kai kuku, wannan ƙwan fa? Ko ruwa kake soya mini?"

"Kajin zamani ne, Yaya. Ai ba ka rage komai a faranti ba."

Gaskiya ne, bai rage ba.

Wata biyu suka wuce da ɗoriya, yashi bai motsa ba. Hajiya ta iso da ƙawayenta, kowace da waya a ɗage.

"Manaja, ko su fito yau, ko kai ka fita."

Ya durƙusa ya tona da hannunsa. Ga su nan a jere, farare, zagayayyu, babu wanda ya fashe. Ya ɗaga ɗaya don kowa ya shaida, sai ya suɓuce masa ya faɗa kan dakalin siminti.

Abin ya yi tsalle, ƙwas, ƙwas, ƙwas, ya gangara har ƙofar kicin, inda kuku ya tare shi da ƙafa ya ce, "Wannan kam ba ya soyuwa, Yaya. Masu soyuwar ka gama da su tun makon farko."