Makaronin Mai Sikeli

Ranar Litinin Habsu ta haihu, kuma mijinta Aisami tela ba shi da ko akuya. Fari ya share masa garke tun shekara huɗu baya. Suna saura kwana bakwai, surukai sun aiko daga Gidigir cewa suna tafe.

Ranar ce kuma wani Nasara ya sauka da kamiyo, babbar motar kaya, a bakin tafkin da ke hanyar Kelle. Damanar saba'in da takwas ce, tafki ya cika ya batse. Wanda ya ce Gure ba ta taɓa yin ruwan da za a yi tsere a kai ba, ya zo ya same ni, ina nan ƙofar gida.

Nasaran ya sauke wani allo dogo kamar ƙyauren zaure, da sanda a tsakiya, da zane mai kama iska. Mutum ya tsaya a kai, ya riƙe, iska ta ja shi. Ya sauke sikeli kuma, da buhun makaroni, da kaye, littafin rubutu. Nan take aka sa masa suna Mai Sikeli. Ya kafa tanti bakin ruwa, bai taɓa shiga gari ba, Hausarsa kuwa daga sannu sai sannu.

Direbansa Fannami ya fassara. Wai so yake ya gane wane abinci ne ke tsayar da mutum bisa allo. Za a yi gasa kwana shida, wanda bai faɗi ba ya ɗauki rago. Ga ragon nan ɗaure bayan zana, ƙashin haƙarƙarinsa ana ƙirgawa daga kasuwa.

Mutum uku suka shiga. Fannami, don shi ne mai Faransanci. Ɗan Talata mahauci, don ya ga rago. Sai Aisami, wanda aka kira ya ɗinke zanen da ya yage, ya ƙi tafiya.

Doka ɗaya ce. Kullum da rana tsaka kowa zai cinye kwanon makaroni da aka auna, da dabino bakwai, da ruwan sukari gora guda. Wanda ya rage ko loma, ba ya hawa.

Su ukun suka dubi juna. Fannami ya yi gyaran murya, ya shaida wa Nasara cewa a ƙasar nan namiji ba ya cin abinci gaban baƙo, abin kunya ne. Mai Sikeli ya ji daɗi ƙwarai, har ya rubuta a kaye. Tun daga ranar, kowa ya ɗauki kwanonsa sai ya zaga bayan zana. Kwanuka su dawo a lashe, kamar an wanke.

Yabawa ce mai dafawa, tsohuwa mai tuwon tasha. Yau gishiri ya yi yawa, gobe babu sam. Nasara ya sa a tambaye ta ko ba ta ɗanɗanawa. Ta ce shekara talatin tana girki, hannunta ya sani. Mutanen uku dai ba wanda ya taɓa kuka da gishiri.

Hawa kuwa, sai wanda ya gani. Fannami ya faɗi sau tara ranar farko. Ɗan Talata ya faɗi tun allo na kan tudu. Duk wanda ya faɗa ruwa zai taso baki a ƙulle, kumatu a kumbure, yana tofe-tofe har la'asar.

Aisami bai faɗi ba. Leɓensa ya bushe ya tsage, zufa na bin gemu, amma yana nan tsaye kamar an kafa shi da ƙusa.

Ɗan Talata ya ce masa, “Tela, faɗa mini gaskiya, laya ce?”

Aisami ya ce, “Ba laya. Ruwan tafkin nan ne ba zai shiga maƙogwarona ba.”

Abu ɗaya ya dami Mai Sikeli. Kullum da safe yana auna su, kullum suna raguwa. Ya ƙara makaroni, suka ƙara ramewa. Ya ƙara dabino. Ya kwance sikelin ya sake ɗaurawa. Daga ƙarshe ya rubuta cewa allon iska na cin jiki fiye da noma.

Ranar Lahadi hadari ya haɗo daga gabas. Iska ta ɗauke Fannami ta jefa cikin kainuwa. Ɗan Talata ya duba sama, ya ce shi yana da iyali. Aisami ya hau. Iskar ta kwashe shi har wancan gaɓa, allo na tsalle kamar jaki ya ga kura, zane ya yage daidai inda ya ɗinke. Ya dafe da haƙori da hannu, ya dawo, jikinsa a bushe daga wuya zuwa sama.

Aka kwance rago. Mutum biyu suka ja shi da ƙyar, yana nishi. Nasara ya shafa bayansa, ya ce ciyawar Gure akwai albarka. Ya rungume Aisami, ya sa Fannami ya gaya masa cewa za a karanta sunansa a Faransa: ga mutumin da makaroni ya tsayar. Aisami ya ce ya gode. Kafin magariba kamiyo ya kama hanyar Damagaram.

Washegari surukai suka iso, aka raɗa wa yaro suna, liman ya yanka. Ɗan Talata ya feɗe, ya farke tumbi, sai ga makaroni da ƙwallon dabino sun zubo, sun cika tasa.

Kowa na sauri ne ya sa sabuwar riga ya tafi Idi, don ranar ce Sallar azumi.