Katakon Kulu Ya Ƙoshi Da Mai

Ranar da sojoji suka miƙa mulki, Isyaku kafinta ya sake zuwa rumfar abincin Kulu a Gyaɗi-Gyaɗi, wai ya zo duba katakon yankan naman da ya yi mata. Ya dirje shi da gishiri da lemun tsami, ya ɗauraye. Da ya bushe ya hau shafa masa man gyaɗa, kansa a sunkuye.

"Malam Isyaku," in ji Kulu, "sau huɗu a wata ɗaya? Tun daga Tarauni katako kake zuwa gani?"

Hannunsa ya tsaya. Ya saci kallonta.

"Tsoro nake kar ya tsage."

Ta danne dariya. "Sojoji ma yau sun saki. Kai ma saki katakon nan, ka turo manya gidanmu."