Jinin Matar Ƙane

Ma'aikacin ɗakin gwaji ya sassauta murya, bai san mai shara tana bayan labule ba.

"Baba, jininka ya dace da na 'yarka, amma ba za mu ƙara mata shi ba. Akwai ƙanjamau a ciki. Kai ne na uku yau, kuma akwai magani."

Ta ƙanƙame tsintsiya. Ko a mafarki ta san dattijon nan. Yayan marigayi mijinta ne, wanda ya watsa mata kaya a titi yana shelar ita ta sa wa ƙaninsa ciwon. Sau uku aka gwada ta, lafiyarta lau, amma wa ya saurara? Shekara shida ba mai cin abincin hannunta.

Yanzu ga 'yarsa tana zubar da jini a ɗakin haihuwa, ga dangi cike da baranda. Kalma ɗaya ta ishe ta ta tona masa asiri.

Sai ta fito ta miƙa hannu. Aka gwada jininta, ya dace.

"Ƙanwata..." in ji dattijon.

"Yau na zama ƙanwa, Yaya? Asirinka dai a rufe yake, ni ba kai ba ce. Amma ka fita ka gaya musu da bakinka jinin wa za a sa wa 'yarka."

Ya miƙe da ƙyar. Ta kwanta, aka ɗaure mata dantse.

"A bar ƙofar a buɗe," in ji ta. "Ina so in ji."