Bakin Zaren Lorraine

Lorraine ta fito da dunƙulen jan ulu daga jaka, masu rubuta manhajar kwamfuta suka tashi suka yi da'ira suna ƙunƙuni. Haka suke rufe kowane zangon aiki a ofishin nan na Milwaukee, a Amurka: ka jefa wa wanda ya taimake ka dunƙulen, ka faɗi abin da ya yi maka, ka riƙe zarenka. Ita mai jagorantar wasan, bakin zaren ne rabonta.

Yau kam ba wasa ba ne, kuma ita kaɗai ta sani. Sabon shugaba, Mista Kessler, ya ce sai an rage mutum ɗaya. Bai gama sanin sunan kowa ba, amma wai wasan nan zai nuna masa gaskiya. Zai shigo a ƙarshe, duk wanda ya gani babu zare a hannunsa, shi ne ba a buƙata. Ka ji shirme! Ta roƙe shi, ya ce magana ta ƙare.

Walt take ji wa tsoro. Dattijo ne shiru-shiru, aikinsa toshe ɓarakar da wasu suka bari, irin aikin da ba a gani sai ranar da ba a yi shi ba. Matarsa Noreen tana wankin ƙoda, inshorar asibitin kuma a jikin aikin nan take. In aka sallame shi, an sallami maganin.

“Lorraine, ina mummunan kofin nan naki?” in ji Teo, sarkin surutun ɗakin. “Yau a na takarda ake shan gahawa?”

“Ya gaji da ganin fuskarka,” ta ce. “Walt, riƙe min bakin zaren nan in rufe ƙofa.”

Daga bakin ƙofar ta jefa wa Anjali dunƙulen. Anjali ta cafe, ta juya.

“Teo! Ka cece ni ranar da komai ya tsaya cak.”

Teo ya yi rusunawar tsiya, aka yi dariya. Walt ne ya gano matsalar ranar, Teo sanarwa kawai ya yi.

Dunƙulen ya yi ta yawo yana ƙanƙancewa. Sau ɗaya ya nufo Walt, har ya ɗaga hannu, ashe na kusa da shi aka jefa wa. Ya mayar da hannun a hankali, ya sunkuyar da kai. Wallahi abin ya ci ran Lorraine, yaran nan ba mugunta gare su ba, mantuwa ce, ita ce kuma ta fi zafi.

Zaren ya ƙare, babu wanda ya ambaci sunansa.

Kessler ya turo ƙofa yana murmushi, ya bi hannaye da ido ɗaya bayan ɗaya. Ya zo kan Walt, ya ga jan ulu a yatsunsa, ya gyaɗa kai ya wuce.

“Lorraine, ga naki,” Walt ya ce ƙasa-ƙasa, yana miƙo mata.

“Riƙe shi da kyau, Walt. Ka gaida min Noreen.”

Idon Kessler ya zo kan hannayen da suka rage, ya tsaya. Lorraine ta buɗe masa su sosai don kada ya yi kuskure. Tun da safe ta kwashe kayan teburinta ta zuba a mota.